Yadda Ake Kasafin Kuɗin Masauki Idan Za A Yi Dogon Hutu Da Iyali A Ƙasar Waje

Ƙarfe bakwai na safe muka isa otal ɗin, bayan mun kwana a jirgi. Autarmu tana barci a kafaɗata, yayyenta uku sun zube a kan akwatuna. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta duba takardarmu, ta ɗago kai ta ƙirga mu da ido, sannan ta ce ɗakin da muka kama na mutum huɗu ne, mu kuwa mu shida ne. Na ce ai ƙananan biyu tare da mu za su kwanta. Ta ce dokar kiyaye gobara ba ta san da wannan ba, kai ake ƙirgawa. Dole muka ƙara ɗaki na biyu a farashin ranar, har kwana biyar, kuma ba a ba mu makulli ba sai ƙarfe uku na yamma. Kuɗin da muka ware domin makon ƙarshe na tafiyar, a makon farko ya tafi.

Tun daga ranar na daina yarda da farashin da ake rubutawa da manyan lambobi a ƙarƙashin hoton ɗaki. Idan tafiyar kwana uku ce, kuskuren lissafi ciwo ne na ɗan lokaci. Idan ta mako shida ce da yara, duk kuskuren da aka yi a dare ɗaya sai ya ninka sau arba'in da biyu. Don haka abin da za ku nema a kowane mataki shi ne jimillar da za ta fita daga aljihunku, ta dukkan iyalin, ta dukkan kwanakin, da kuma ranar da kowane kaso zai fita.

Mataki na farko: ku fara da abin da ke hannu

Kafin ku buɗe shafukan intanet na kama masauki irin su Booking.com ko Airbnb, ku zauna ku biyu da takarda da biro. Hotunan ɗakuna suna da saurin ɗaga wa mutum buri, wanda kuwa ya riga ya ga gida mai kallon teku da wuya ya koma lissafi da sanyin zuciya.

Ga yadda nake yi, alƙaluman kuma na misali ne kawai. A ce abin da aka tara domin tafiyar dala 20,000 ne, mutum shida, dare 42. Tikitin jirgi da biza da inshora sun ci 7,000, saura 13,000. A cire 1,500 na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓawa sai rashin lafiya ko sauya tikiti. A ware 100 a kowace rana domin abinci da zirga-zirga da kai yara wuraren kallo, kwana 43 ya zama 4,300. Abin da ya rage, 7,200, shi ne na masauki. Daga cikinsa ma ku sake ɓoye kashi 10 cikin 100, wato 720, saboda masauki yana da nasa ba-zata. Saura 6,480. A raba da dare 42, ya ba da kusan dala 154.

Wannan 154 ita ce ma'auninku, da haraji da la'ada da komai a ciki. Ba dole kowane dare ya tsaya a kanta ba, wani zai haura wani zai gaza, amma a ƙarshe matsakaicin ya dawo nan. Idan kun duba kuka ga birnin da kuke so ba ya shiga wannan ma'auni ko kusa, gara a rage kwanaki ko a sauya birni tun yanzu, kafin a sayi tikiti.

Mataki na biyu: ku ƙirga dare, ku rage sauyin masauki

Da dare ake sayar da masauki. Ku buɗe kalanda ku rubuta sunan garin da za a kwana a kowane dare, ɗaya bayan ɗaya. A nan ake gano darare biyu da mutane ke yawan mantawa. Na farko, daren isowa: yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, to idan jirginku zai sauka da asuba, ko dai ku biya daren da ya gabata ku sanar da su a rubuce cewa da safe za ku iso, ko ku shirya zaman awa takwas da yara masu jin barci. Na biyu, ranar komawa: ana sallamar baƙo ƙarfe sha ɗaya ko sha biyu, idan jirgin na tsakar dare ne sai an san inda za a ajiye kaya da yara.

Sai yawan zango. Kowane sauyin masauki yana zuwa da kuɗinsa: motar da za ta kwashe mutum shida da akwatuna, sabon kuɗin shara, ragowar mai da sabulu da kayan firji da za a bari a baya a sake sayen wasu, da yini guda da zai ƙare a naɗe kaya da kwance kaya. A ganina, a tafiyar mako shida, zango uku ya isa: guda mai tsawo da za a yi kamar wata, da gajeru biyu. Daga mazauni ɗaya ana iya fita garuruwan kusa da safe a dawo da yamma.

Lokacin tafiyar ma yana iya ninka farashi. Turai tana tsada a Yuli da Agusta. Dubai tana tsada daga Nuwamba zuwa Maris, ta yi sauƙi a tsakiyar shekara lokacin da zafi ke haura digiri 40. A Afirka ta Kudu da Ostareliya, Disamba da Janairu ne lokacin hutun bazara. Japan tana cika a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, da kuma makon hutunsu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Edinbara a Agusta, Munik daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, Makka a goman ƙarshe na Ramadan, duk lokuta ne da ɗaki ke zama zinariya. Mai yara 'yan makaranta ba shi da zaɓi sosai, na sani, amma yana iya jera zangonsa yadda birni mafi tsada zai faɗo a makon da ya fi sauƙi.

Kada kuma ku biya kuɗin kwanakin da biza ba ta ba ku ba. A ƙasashen Shengen guda 29, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, baƙo ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma bizar da aka buga muku tana iya zama ƙasa da haka.

Mataki na uku: me iyalin ke buƙata da gaske

Ku rubuta shekarun kowane yaro kamar yadda za su kasance ranar isowa, ku shigar da su daidai a shafin da kuke nema. Wannan shi ne kuskuren da na ba ku labarinsa. Otal da yawa a Turai ɗakunansu na mutum biyu ne ko uku, iyali mai mutum biyar ko shida sai da ɗaki biyu. A Japan wurare da yawa da kai suke sa farashi. Wani otal yana ɗaukar ɗan shekara 12 a matsayin babba. Kalmar "yara kyauta" kuma sau da yawa tana nufin idan za su kwanta a gadon da ke ɗakin, ƙarin gado da kuɗinsa.

A gidan haya, ku karanta yawan ɗakunan kwana da yawan gadaje daban-daban. Gidan da aka ce yana ɗaukar mutum shida yana iya zama ɗaki ɗaya da kujerun falo biyu da ake buɗewa su zama gado. Dare biyu ana iya haƙuri da haka. Wata guda ba zai yiwu ba, musamman idan akwai yaran da suka fara girma, mace da namiji, ko akwai kaka a tafiyar.

Abu biyu ne nake ganin suna biyan kuɗin kansu a dogon zama: kicin da injin wanki. Mutum shida su ci abinci a waje sau uku a rana, kwana arba'in, wannan kaɗai yana iya fin kuɗin masaukin. Ko karin kumallo da abincin dare kawai ake yi a gida, an rage kaso mai yawa, ga shi yaro mai zaɓen abinci ya samu abin da ya saba. Wanki kuwa a otal da ɗai-ɗai ake lissafa shi, riga kaza wando kaza. Ku tambayi mai gida ko kicin ɗin yana da murhu na sosai da tukwane masu girma, domin akwai wanda bai wuce butar lantarki da ƙaramin firji ba. Idan da keken jariri ko dattijo, ku tambayi hawa na nawa ne kuma ko akwai lifta. Tsofaffin gine-gine a Faris da Lisbon da Istanbul da yawa ba su da ita.

Tsakanin otal da gidan haya akwai otal mai ɗakuna kamar gida, da falo da ƙaramin kicin, irin su Citadines da Adagio da Residence Inn. Suna da teburin karɓar baƙi, suna ba da rasit mai kyau, kuma galibi farashin yana sauka idan kwanakin sun yi yawa. A Birtaniya jami'o'i da dama suna ba da hayar ɗakunan ɗalibai lokacin dogon hutu.

Mataki na huɗu: ku fito da farashin gaskiya

A nan ne aikin yake, kuma a nan nake so ku daɗe. Ga kowane masauki da ya burge ku, ku bi matakan kama shi har shafin ƙarshe, inda ake neman lambar kati, ba tare da kun biya ba. Jimillar da ke wannan shafi ita za ku rubuta. Sannan ku nemi ƙananan rubutun da ke cewa "za a biya a masauki", ku ƙara a kai. Ku raba da yawan dare. Abin da ya fito shi za ku gwada da 154 ɗinku.

Mu koma misali, zangon dare 14. Otal yana nuna dala 95. Amma ɗaki biyu kuke buƙata, 190 ke nan. A ɗora haraji kashi 12, ya kusa 213. Dare 14 ya tashi kusan 2,980, ba kicin. Ga kuma gida mai ɗaki uku yana nuna 150. Dare 14 ya zama 2,100, kuɗin shara 120, la'adar shafin kamar 311, haraji 210, jimilla 2,741, wato kusan 196 a dare. Wanda ya fi tsada a ido shi ya fi sauƙi a aljihu, kuma dukansu sun yi nisa da lambar da aka fara nuna muku.

Kuɗin shara sau ɗaya ake biyansa, shi ya sa yake cutar da mai gajeren zama. Dala 120 a kan dare uku 40 ce a kowane dare. A kan dare 14 ba ta kai 9 ba.

Harajin baƙi kowane gari da nasa tsari. A Amstadam kashi 12.5 cikin 100 ne na kuɗin ɗaki tun 2024. A birnin Niyok harajin otal ya kai kashi 14.75, da ƙarin dala 3.50 a kowane dare, kuma a Amurka gaba ɗaya an saba nuna farashi ba tare da haraji ba. A Dubai ana karɓar dirhami 7 zuwa 20 a kowane ɗaki a kowane dare, gwargwadon darajar wurin, har zuwa dare 30 a jere. A Malesiya baƙo ɗan ƙasar waje yana biyan ringit 10 a ɗaki a dare. Turkiyya ta sa harajin masauki na kashi 2 a Janairun 2023. A Faransa da kai ake biya, amma wanda bai kai shekara 18 ba ba ya biya. A birnin Rum na Italiya ma da kai ne, an ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 10, kuma ana tsayawa bayan dare goma a jere. Bambancin "da ɗaki" da "da kai" ba ƙarami ba ne ga mai iyali. Waɗannan kuɗaɗe suna sauyawa, saboda haka ku duba shafin hukumar garin a makon da za ku biya. Wasu wuraren a hannu suke karɓa ranar isowa ko ranar tafiya.

Bayan haraji akwai sauran ƙananan ramuka. Otal-otal na wuraren shaƙatawa a Amurka, musamman Las Begas da Hawayi, suna ɗora kuɗin tilas na kowane dare da sunan wurin ninƙaya da intanet, ko kun yi amfani da su ko ba ku yi ba. Wurin ajiye mota a tsakiyar birni da kuɗinsa. Wasu gidajen hutu a Turai suna karɓar kuɗin zanen gado da tawul daban. A hayar wata kuwa, tambaya mafi muhimmanci ita ce wuta da ruwa da gas: suna cikin kuɗin ko da mita za a biya? Na'urar ɗumama gida a lokacin sanyi, ko ta sanyaya ɗaki a lokacin zafi, tana shan wuta fiye da yadda ake zato. Ku nemi amsar a rubuce.

Karin kumallon otal ku yi masa lissafi da kai. Idan yana cikin kuɗin ɗaki kuma ya haɗa da yara, riba ce babba ga mutum shida. Idan daban ake biya, shagon da ke kusa ya fi.

Mataki na biyar: dare 7, dare 28, dare 30

Dogon zama yana da wasu ƙofofi da farashi ke faɗuwa idan an ƙetare su. A Airbnb mai gida yana iya sa ragin mako daga dare 7, da ragin wata daga dare 28. Ba kowa ke sawa ba, amma inda aka sa, abin mamaki yana faruwa. Gidan nan na 150, a ce ragin makonsa kashi 10 ne, na wata kashi 25. Dare 25 zai tashi 3,375. Dare 28 zai tashi 3,150. Ƙarin kwana uku, ragin dala 225. Ko da dare 25 kawai za ku yi, kama 28 ya fi sauƙi. Duk lokacin da zamanku ya kusa ɗaya daga cikin waɗannan lambobi, ku gwada duka biyun ku gani.

Idan aka ɗora shara da la'ada da haraji a kan 3,150, za a samu kusan 4,043, wato 144 a dare, ƙasa da ma'auninmu. Daga 6,480 saura 2,437 domin sauran dare 14, kusan 174 a dare. Kun ga yadda zango ɗaya mai tsawo yake ɗaukar nauyin gajerun.

Haraji ma yana da irin wannan ƙofa. A Birtaniya harajin VAT na otal kashi 20 ne, amma wanda ya zauna fiye da kwana 28 a jere a wuri ɗaya, daga rana ta 29 harajin yana raguwa sosai. A jihar Tekzas ta Amurka, wanda zai yi kwana 30 a jere ana ɗauke masa harajin otal, kuma idan ya sanar da otal ɗin a rubuce tun farko, daga ranar sanarwar ake fara ɗauke masa. Ba ko'ina ake da wannan ba, kuma ba kowane ma'aikaci ne zai tuna ya gaya muku ba. Ku tambaya.

Ga otal, ku aika imel kai tsaye zuwa sashen kama ɗakuna. Ku faɗi kwanakin, yawan mutane da shekarun yara, da farashin da kuka gani a intanet, ku tambaya ko suna da farashin dogon zama. Otal yana biyan shafukan nan kamasho mai kauri, saboda haka yana da sararin yin ragi, ko ya ƙara karin kumallo, ko ya ba ku ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Mataki na shida: nisa ma kuɗi ne

Gida mai araha a bayan gari yana iya mayar da ragin ta hanyar tikiti. Ku buɗe taswira ku duba minti nawa ne da ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa ko ta bas, da zuwa babban shagon kayan abinci. Ku lissafa kuɗin zuwa da dawowa na dukkanku a rana, ku ƙara a kan kuɗin dare. A Landan yara 'yan ƙasa da shekara 11 suna shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta idan suna tare da babba mai tikiti, don haka zama a waje kaɗan ba ya cutarwa sosai. A garin da babu jirgi ko bas mai kyau, mutum shida ba sa shiga ƙaramar tasi ɗaya, kowace fita mota biyu ce ko babba guda. Ni dai na fi son unguwar da mutanen gari ke zama, kusa da tasha, tafiyar minti ashirin zuwa talatin daga tsakiya. Kayan abinci sun fi sauƙi a can, kuma akan samu filin wasan yara.

Mataki na bakwai: gidan yana kan doka kuwa?

Manyan birane sun matsa wa hayar gajeren zama, kuma gidan da ba shi da izini ana iya soke shi ana saura mako guda ku tashi, lokacin da sauran wurare sun cika sun yi tsada. A Niyok tun Satumban 2023, hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida yana ciki kuma baƙi ba su wuce biyu ba, wanda ke nufin iyali sai otal ko hayar wata. A Landan gida ba ya wuce dare 90 a shekara a irin wannan haya sai da izini na musamman. A Japan dokar da ta fara aiki a 2018 ta sa wa gida iyakar kwana 180 a shekara da lambar rajista. Turkiyya tun farkon 2024 tana neman takardar izini ga hayar kwana 100 ko ƙasa. Basalona ta sanar a 2024 cewa za ta kawo ƙarshen lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido zuwa Nuwamban 2028. Inda doka ta ce a nuna lambar rajista, ku neme ta a cikin tallar.

Ku karanta ra'ayoyin baƙin da suka zauna a watannin baya-bayan nan, musamman masu yara da waɗanda suka daɗe. Kuma duk wanda ya ce ku bar shafin ku tura masa kuɗi kai tsaye zai yi muku ragi, ku rabu da shi. Da zarar kuɗi ya fita ta wannan hanya, babu wanda za ku kai wa ƙara.

Mataki na takwas: yaushe kuɗin zai fita

Mutum yana iya samun isasshen kuɗi amma ya maƙale saboda duk sun taru a mako ɗaya. Ku ja layi huɗu a takarda: sunan masauki, abin da za a biya yanzu, abin da za a biya daga baya da ranarsa, da rana ta ƙarshe da za a iya sokewa ba asara. Ku sa waɗannan ranaku a waya ta tuna muku.

Farashin da ba a mayar da kuɗinsa yakan fi sauƙi, amma kada ku taɓa shi kafin biza ta fito. Ofishin jakadanci yakan nemi shaidar masauki, to ku kama wanda ake sokewa kyauta, da niyyar zama a cikinsa idan komai ya tafi daidai. Bayan biza ta fito kuma tikiti ya tabbata, ku sake duba farashi. Idan ya sauka, ku kama sabon kafin ku soke tsohon. Da yara ƙanana, ko bayan biza ina ganin ƙarin da ake biya domin damar sokewa ya cancanta, domin zazzaɓin dare ɗaya yana iya ɗaga tafiya. Hayar dare 28 zuwa sama tana da nata ƙa'idar sokewa, wadda ta fi ta gajeren zama tsauri, ku karanta ta a natse kafin ku biya. Idan ba ku taɓa ganin wurin ba kuma zuciyarku ba ta kwanta ba, ku tambayi mai gidan ƙarin hotuna ko bidiyon kicin da banɗaki.

Sai kuɗin jingina. Otal yakan riƙe wani adadi a katinku ranar isowa saboda ko za a yi ɓarna. Ba cirewa aka yi ba, amma ba za ku iya kashe shi ba, kuma sakinsa yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni bayan kun tafi. Idan katin da kuke cin abinci da shi ne aka riƙe, ga ɗaki biyu, ga jinginar motar haya, sai ku ga kati ya ƙi aiki a gaban mai shago alhali kuɗinku na nan. Ku tafi da kati biyu daga banki biyu, ɗaya na jingina ɗaya na kashewa. Ku tambayi bankinku iyakar abin da katin ke iya biya a ƙasar waje a rana da a wata, da abin da suke cira a kowane ciniki.

Idan na'urar biya ta tambaye ku ko a cire da kuɗin ƙasarku ko da na ƙasar da kuke, ku zaɓi na ƙasar da kuke. Canjin da na'urar ke yi da kanta kusan kullum ya fi na banki tsada, kuma a kan kuɗin wata guda bambancin yana da yawa. Idan kuɗin da kuke samu yana yawan faɗuwa a kasuwar canji, biyan babban zangon da wuri bayan biza ta fito yana rufe muku wannan ƙofa.

Idan akwai 'yan uwa a can

Sauka wurin dangi yana rage nauyi, amma kada a rubuta masa sifili. Akwai cefane, akwai tsaraba, akwai wutar da mutum shida za su ƙara sha. Gidajen can galibi ƙanana ne, wasu masu haya ma yarjejeniyarsu ta iyakance kwanakin baƙi. Ku yi magana a fili kan yawan kwanaki tun kafin a sayi tikiti. Mako guda a farko ko a ƙarshe ya fi wata guda daɗi ga kowa. Wasu ƙasashe suna neman takardar hukuma: a Faransa mai masaukin ne zai je ofishin magajin gari ya karɓo takardar karɓar baƙo, ana biyan yuro 30. Ko da an yi muku alkawarin ɗaki, ku ware kuɗin dare uku na otal a gefe.

Bayan an isa

Kafin yara su bazu a gidan, ku zagaya da waya ku ɗauki bidiyo: tabon da ke kujera, tsagewar da ke madubi, ƙofar kabad da ta saki, da lambar da ke kan mitar wuta da ta ruwa idan da mita za a biya. Ku tura wa mai gida a ranar, ta cikin manhajar da kuka kama gidan, domin ya zama akwai kwanan wata. Abin da ya lalace, kamar ruwan zafi ko injin wanki, ku faɗa nan take a rubuce, domin shafukan suna ba da ɗan gajeren lokaci ne na kai ƙorafi.

Kowane ƙarshen mako ku zauna minti goma ku gwada abin da aka kashe da abin da aka rubuta. Idan zangon farko ya haura da dala 200, tun yanzu za a san daga ina za a cike, ko a taɓa 720 ɗin nan, ko a sauya otal ɗin zangon ƙarshe tun damar sokewa ba ta wuce ba. A otal, ku nemi a buga muku lissafinku a daren da ya gabaci tafiya, ku bi shi layi-layi lokacin da yara suka yi barci. Da safe, akwatuna a ƙofa, mota tana jira, ba wanda ke da natsuwar gano an rubuta masa karin kumallo sau biyu. Ranar fita ku sake ɗaukar bidiyon gidan da lambar mita, ku tambayi ranar da za a saki jinginarku, ku rubuta ta a layi na ƙarshe na takardar nan.